Sa hannun baffa da ya cinye mana shekara guda

Duk wanda ya ji cewa na yi fim a Sakkwato, tambayarsa ta farko ita ce ina na samo kuɗi. Ba a cika tambayata yadda na samo 'yan wasa ba, alhali kuɗin nan, duk da wahalarsu, sun taru. A wurin zaɓen 'yan wasa ne suka zube, kuma har gobe idan na tuna raina yana ɓaci.

Sana'ata ɗaukar bidiyon biki da walima. Labarin kuwa na manomin albasa ne a fadamar da ke wajen Wurno, wanda ya ci bashin taki da man injin ban ruwa a hannun wani dillali, da 'yarsa da ta tsaya tsayin daka kada a rabu da gonar. Na so a yi shi da Sakkwatanci tsantsa. Na gaji da ganin yadda ake saka harshenmu a bakin wawan fim don a yi dariya, a garin da aka rubuta waƙoƙin wa'azi da littattafan da ake karantawa har yau. Na so a ji mutum yana kuka da Sakkwatanci, yana ciniki da shi, yana neman aure da shi.

A ƙarshen 2022 muka yi lissafi ya kama naira miliyan 6, fim ɗin zai fito kashi-kashi har shida, don YouTube, tunda kasuwar faifai ta daɗe da mutuwa. Na sayar da wani ɗan fili da nake da shi a bayan gari, na haɗa da kwasar adashe, ya zama miliyan ɗaya da rabi. Sauran muka yanka shi hannun jari, kowane hannu naira 100,000. Abokai, 'yan uwa, wasu malaman makaranta, da wata gwaggota mai sayar da atamfa suka sayi hannu 25. Wani Alhaji mai fataucin albasa a kasuwar Kara ya ɗauki hannu 20 shi kaɗai, ya ba da rabi, ya ce sauran sai aiki ya yi nisa.

Abu ɗaya da nake alfahari da shi a nan shi ne ban yi wa kowa alƙawarin riba ba. Akwai wanda ya ce zai ba da rabin miliyan idan na rubuta cewa uwar kuɗinsa za ta dawo ko fim ya ci ko ya faɗi, da ɗan abin da za a ɗora a kai. Na ce masa wannan bashi ne da ruwa, ba tarayya ba, muka rabu lafiya. Takardar da kowa ya sa wa hannu ta ce riba tare, asara tare. Na kuma zaunar da su na gaya masu yadda YouTube take: ba ta fara raba kuɗin talla da kai sai kana da masu bibiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a cikin wata 12, ba ta turo ko sisi sai abin da ka tara ya kai dala 100, kuma kallon da aka yi daga Najeriya bai kai na ƙasashen waje daraja ba. Wasu suka janye da jin haka. Waɗanda suka tsaya su ne ba su kai ni ƙara ba da abu ya lalace.

Alhaji ya gindaya sharaɗi guda: sai an ga fuskar da aka sani a fosta. Haka muka ɗauko wani jarumi daga Kano ya fito a matsayin dillalin. Kuɗin aikinsa, da na jirgi tunda hanyar Gusau ba ta shiguwa da kwanciyar hankali, da na masauki, suka tashi sama da miliyan ɗaya. Kashi ɗaya cikin shida na kuɗin fim a kan mutum ɗaya.

Tantance sauran 'yan wasa mun yi ta a ajin wata makaranta mai zaman kanta a Mabera. Maza suka cika wuri maƙil, ɗalibai daga jami'a da kwalejin ilimi, 'yan kabu-kabu, 'yan TikTok. Mata ba su kai yatsun hannu biyu ba. Ban ba kowa takarda ya haddace ba. Sai in ce, ga surukinka zaune, ka zo roƙon buhun taki bashi, kuma na bara ba ka biya ba, bismilla. Nan take ake gane mai wasa. Masu dubban mabiya a waya yawancinsu ba sa iya sauraren abokin magana, idonsu na kan kyamara. Wani mai gyaran injin ban ruwa daga Kware kuwa, da ya durƙusa ya fara kame-kame yana murza hularsa, ajin ya yi tsit.

A cikin matan nan akwai wata yarinya mai shekara 22. Da ta buɗe baki na san an gama. Ba ta ɗaga murya, amma idan ta ce "ba a saida gonag ga" sai ka ji tsigar jikinka ta tashi. Mahaifinta ya rasu. Wanda ya kawo ta, wani da muka sa ya riƙa haɗa mu da 'yan wasa, ya ce gidansu babu matsala, shi ya san su ciki da waje. Duk da haka na je da kaina, da matata, muka gaida mahaifiyarta. Ta karɓe mu hannu biyu, aka karanta mata takarda, ta dangwala yatsa, yarinyar ta sa hannu, na ba da kafin alƙalami. A doka wannan ya wadatar, yarinya baliga ce. Mutumin nan kuwa ya san akwai baffanta a ƙauye, ya san an fara maganar aurenta tun kafin rasuwar uban, bai ce mini uffan ba, saboda yana da kaso a kuɗin aikinta.

Muka shiga fadama a watan Janairu 2023, albasa ta yi kore shar, hazo ya sauko, hoto yana fita kamar a lasa. Lokacin ne kuma aka shiga ƙarancin takardun naira saboda canjin kuɗi. Mutanen ƙauye da muke ɗauka su cika fitowa ba su da asusun banki, ba su san taransifa ba, sai mu kwana muna bin masu POS muna sayen naira da naira don mu biya su. Wannan duk mun shanye. Jarumin Kano ya zo ya yi nasa ya tafi, kuma kusan duk fitowarsa da yarinyar ce, tunda rigimar labarin tsakaninsu take. Zuwa tsakiyar Fabrairu mun ɗauki fiye da rabin fim.

Ranar muna bakin rijiyar gona ana gyara haske, sai ga dattijo a bayan mashin, da farar riga da rawani. Bai yi hayaniya ba. Ya yi sallama, ya nemi mai aikin, aka nuna ni. Na durƙusa na gaishe shi, aka shimfiɗa masa tabarma gindin mangwaro.

Ya ce, "Yaro, kai na kas sa ɗiyata cikin hoto?"

Na ce, "Baba, Allah shi ba ka haƙuri, mun je gida, innarta ta yarda, ga ma takarda."

Bai ko dubi takardar ba. Ya ce, "Uwatta ba ta bada aure. Ni na ubanta yanzu. An bada ta, an sa rana bayan Salla, kuma mutanen sun aiko mani jiya."

Yarinyar tana tsaye can bayan mai kwalliya da kayan wasa a jikinta, zane da ɗan kwali da muka sa aka tsufar da su da toka, hawaye na zuba, ba ta ce komai ba. A mashin ɗin da ya kawo shi ta koma, shi ya bi a motar kayanmu.

Ban riƙe dattijon nan a zuciya ba. A mazhabar Malikiyya da muke bi uwa ba ta waliccin aure, kuma a gidajenmu wanda ke bada aure shi ke da ta cewa a kan duk abin da zai taɓa auren. Shi amana ya ɗauka ta ɗan uwansa. Wanda har yau ba na iya amsa sallamarsa da sakin fuska shi ne mai haɗin nan, da ya zauna yana shan shayinmu yana kallon muna zuba kuɗin mutane a ƙasa.

Na aika manya, har limamin unguwarsu ya sa baki, ko a bari ta ƙarasa, ko a bar mu mu fitar da abin da aka ɗauka. Dangin mijin suka ce atafau. Wani lauya abokina ya ce takardata tana da ƙarfi, in na je kotu zan iya samun diyya. Diyya a hannun wa? Marainiya da uwarta? Kuma ranar da aka ji ɗan fim ya kai gidan mutunci ƙara, babu uban da zai sake ba ni 'yarsa a garin nan. Na ɗauki kwamfuta na je har zauren baffan, na goge duk inda fuskarta ta fito a gabansa. Aikin jarumin Kano ya bi ta, tunda babu yadda za a yanke ta a bar shi.

Da a ɗaki ake fim ɗin, da mun nemi wata mun ci gaba. Amma gonar albasa ba ta jiran kowa. Kafin mu farfaɗo an shiga zaɓe, azumi ya kama a watan Maris, an cire albasa, fadama ta koma fako, zafin Sakkwato ya sauko. Dole a jira wani dashen, wato ƙarshen shekara. A cikin jiran nan ne aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati zuwa sama da 500, kuma aikinmu kacokan a kan janareta da mota yake. A ƙarshen Yuli aka yi juyin mulki a Nijar, aka rufe iyaka, harkar Alhaji da ke ratsa Illela zuwa Ƙonni ta tsaya cak. Cikon miliyan ɗayan da ya yi alƙawari bai zo ba, ban kuma iya buɗe baki na tambaye shi ba, don na ga halin da yake ciki. Da baffan nan ya sa hannu ko ya hana tun ranar farko, da duk wannan ya same mu fim yana wurin tacewa.

Na tara masu hannun jari na karanta masu lissafi kwabo-kwabo. Gwaggota ce ta fara magana, ta ce, "Ɗana, kuɗin da ya tafi ya tafi, nawa ne zai ƙarasa?" Ta ƙara hannu biyu, ta kuma ɗauki nauyin suturar mata daga shagonta a sa sunanta a ƙarshen fim. Wani mai sayar da injin ban ruwa ya biya mu aka nuna kayansa a gona, abin da ya dace da labarin ba tare da an cusa ba. Na ƙi tallar wani mai maganin gargajiya duk da kuɗinsa sun fi tsoka. Na sayar da kyamarata ta biyu, muka rage kashi shida ya koma huɗu.

Zaɓen jaruma ta biyu ya ɗauke mu lokaci fiye da rubuta labarin. Kafin in ji muryar mace sai na tambaya: wa ke bada aurenki, yana ina, akwai magana a ƙasa? Wasu suna jin nauyin tambayar, ni ma ina ji, amma ina yi. Wadda muka ɗauka bazawara ce mai ɗa ɗaya. Na je wurin mahaifinta da liman da mai unguwa, aka karanta masa labarin daga farko har ƙarshe, aka gaya masa babu rawa, babu waƙa, babu kwana a lokeshan. Ya sa hannu, shaidu suka sa. Yayarta tana zuwa da ita kullum, muna biyanta kuɗin wuni, kuma wannan kuɗi ne da zan sa a lissafin kowane fim nan gaba. Muka jera duk fitowarta a farkon aiki, a jere, ba a taɓa ta kowa ba sai da aka gama tata. Kuɗinta kashi uku: farko, tsakiya, da ranar gamawa. Mai haɗi kuma babu shi, ni nake zuwa kowane gida da ƙafata.

Kuɗin sake kiran jarumin Kano babu su. Aka nuna mini wani dattijo da ya yi wasan kwaikwayo na rediyo a ƙuruciyarsa, yanzu yana sayar da goro. Na ba shi dillalin ina ɗar-ɗar. Ranar da ya zauna a kan buhu yana lissafa bashin manomi da carbi a hannu, yana murmushi yana cewa "ai ba ni matsa maka, ɗan uwa", mai riƙe da makirufo sai da ya manta aikinsa. Ya san dillalan nan, ya zauna da su shekara da shekaru. Abin da muka biya shi bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da muka kashe a kan na farko ba, kuma yawancin saƙonnin da ke shigo mana a kansa ne, daga Birnin Kebbi, daga Gusau, daga Tawa, har da 'yan Sakkwato mazauna Saudiyya. Alhaji da kansa, da ya kalla, bai sake tada maganar fosta ba.

Fim ya fita a 2024, shekara guda bayan lokacin da muka sa masa. Ya cika sharuɗɗan YouTube, kuɗi suna ɗigowa kaɗan-kaɗan, wani gidan talabijin kuma ya sayi izinin nunawa. Uwar kuɗi ba ta dawo ba tukuna, balle riba. Duk wata uku nake tura wa masu hannun jari lissafi da abin da ya samu. A rabon da ya wuce kowane hannu ya tashi da naira 9,000, ni kuma na ce ba zan taɓa kasona ba sai nasu ya cika.