Ɗan lifidi ɗaya, mako uku

Na sha kaye. Gara in faɗa da bakina tun kafin abokina Injiniya ya gama yaɗa ni a gari. Maki 340 ya tara, ni kuma na tsaya a 185, kuma a gasar fenta 'yan sojojin wasa da ni na kawo shawararta. Mun yi alkawari wanda aka kayar zai yi wa ɗayan walimar balangu, na kuwa cika. Ya zo shagona ya miƙe ƙafa ya cinye tas, yana cewa dama tun fil azal Bakano bai taɓa gaban Bazazzagi ba. Na bar shi da bakinsa, bawa in ya samu rana ai sai a yi masa haƙuri.

Ga wanda bai san abin da muke yi ba, wasu 'yan sojoji ne mitsi-mitsi, na roba ko na ƙarfe, tsawon kowanne milimita 28, wato gaɓar yatsa ɗaya da ɗan ɗori. Ba launi suke zuwa, wasu ma gunduwa-gunduwa, kai daban, hannu daban, mashi daban. Kai za ka yanke, ka kankare da reza, ka manna, ka fente. In sun taru sai a jera su a tebur a gwabza yaƙi da su, ana auna tafiyar kowace runduna da tef irin na tela, ana jefa ɗan lido don a ga wa ya harba ya samu. Kamar dara ce, sai dai kowane ɗa da fuskarsa da rigarsa. Hafsoshin Furushiya, wata tsohuwar masarautar Jamusawa, su ne suka fara ɗaukar abin da muhimmanci, tun 1824 suke koyar da dabarun yaƙi da 'yan gutsattsarin ƙarfe a kan taswira. Na dodanni da aljanu kuwa ya bunƙasa ne bayan da kamfanin Games Workshop ya fito da wasansa mai suna Warhammer a 1983. Hedkwatarsu na Nottingham a Ingila, inda Injiniya ya yi karatu ya kwaso cutar ya kawo mana Jos.

Ni gyaran waya nake yi a wajen Taminus. Wata rana ya kawo wayarsa, ya tsaya yana kallon yadda nake ɗaga wani ɗan abu da hantsaki a ƙarƙashin madubi. Kashegari ya dawo da wani sojan Napoliyon a cikin kwalin ashana, bindigarsa ta karye, ya ce ko zan iya ɗora ta. Na ɗora. Da na juya shi a tafin hannuna na ji nauyinsa, na tambaya da me aka yi shi. Ya ce yawancinsa kuza ce, da can ana gauraya ta da dalma, amma tun shekarun 1990 kamfanoni da yawa suka daina saboda gubar dalmar. Na yi shiru. Kakana haƙar kuza ce ta kawo shi garin nan daga ƙasar Kano lokacin yaƙin Hitila, sa'ad da Turawa ke kwaso mutane aikin tilas zuwa ramukan Bukuru. Kududdufan da suka bari suna nan har yau, duk wanda ya bi ta Rayfield ya gan su. Sai ga jikansa yana roƙon masu dawowa daga Ingila su saƙa masa 'yan guntayen kuza a cikin akwati.

Gasar mai sauƙi ce. Mutanen ƙasashen sanyi kan yi irinta da hunturunsu, tunda ba fita, sai kowa ya ɗaukar wa kansa adadin da zai fente kafin bazara. Muka ce mu ma ai Jos ba a gaya mata sanyi. Daga 1 ga Disamba zuwa ƙarshen Fabrairu, dakare maki 5, mahayi da dokinsa maki 10, babban dodo maki 20. Kowa ya nufi 300. Sharaɗi ɗaya ne, sai an gama soja har gindin da yake tsaye a kai, an zuba masa yashi da ciyawa, kafin a ƙirga shi.

Abin da ba mu lissafa ba shi ne hunturunmu ba irin nasu ba ne. Nasu da laima, namu busasshe ne ƙayau. Fentin da muke aiki da shi na ruwa ne, kafin ka ɗebo shi a burushi ka kai ga soja ya riga ya kama bushewa a tsinin. Maganinsa, ka samu murfin robar abinci, ka shimfiɗa jiƙaƙƙen soso, ka ɗora takardar da masu kek ke sa wa a tire, ka riƙa ɗiga fentin a kanta. Danshi na ratsowa ta ƙasa, sai fenti ya kwana bai bushe ba. Ƙura kuwa ba ta da magani. Wata safiya na fesa wa 'yan baka goma fentin shimfiɗa a tsakar gida, na shiga shan shayi, na fito na tarar iska ta yi musu ado, kowanne kamar an mirgina shi a garin ƙuli. Kwana biyu ina wanke su da tsohon burushin haƙori.

Injiniya bai da irin wannan matsalar, don shi aikin masana'anta yake yi. Ya manna Faransawa ashirin, sojojin Napoliyon na yaƙin Watalu, a kan sanda, ya bi su da shuɗi gaba ɗaya, ya dawo ya bi da fari, ya dawo ya bi da baƙi. Kwalinsu na zuwa da hoton yadda kayansu suke, har launin maɓalli an rubuta. In ya gaji da su ya koma kan korayen dodanninsa, waɗanda ba mai cewa ka yi kuskure, tunda ba wanda ya taɓa ganin su.

Ni kuwa rigima na ɗauko wa kaina. Na ce Tabkin Kwatto zan jera, yaƙin watan Yuni na 1804, tsakanin jama'ar Shehu Usmanu ƙarƙashin ƙanensa Abdullahi da rundunar Yunfa Sarkin Gobir. Tun farko mun yi ittifaƙi ba ma siffanta Shehu ko wani malami, talakawan runduna kawai. Abin da ya ba ni mamaki da na koma karatu, 'yan lifidan nan da nake ɗokin fentewa ba a ɓangaren masu jihadi suke ba a ranar. Na Gobir ne. Jama'ar Shehu galibi 'yan baka ne a ƙasa, dawakinsu an ruwaito ba su wuce ashirin ba, kuma su suka yi nasara. Sai daga baya, da daula ta kafu, lifidi ya zama nasu.

'Yan baka ba su ba ni wuya ba. Kamfanin Perry, masu ƙera irin 'yan sojojin nan, na da kwalin Ansaru, wato mayaƙan Mahadin Sudan, na roba, riga da rawani da wando, ɗan gyara kaɗan suke so. Bakan na lanƙwasa da wayar wuta, kwarin na yi da tsinken sakace. Wuyar tana wajen fata. Duk kwalbar fentin da aka rubuta wa "launin fata" ja-ja ce irin ta Bature. Sai na haɗa nawa: ruwan ƙasa mai duhu da ɗigon shunayya a ƙasa, sannan a goshi da karan hanci da kumatu in ƙara ɗan ja da ruwan ɗorawa. In ka haskaka baƙar fata da fari, sai mutum ya fito toka-toka kamar wanda bai shafa mai ba da hunturu. Na kuma bambanta su, wani baƙi wuluk, wani wankan tarwaɗa, don rundunar Fulani ce da Hausawa da wasunsu. Farar riga ma ba da fari ake fara ta ba. Launin ƙasa-ƙasa ake sawa, a bi da mai haske, farin gaske sai a kafaɗa da bakin ninki kawai.

Sai ɗan lifidi. Ban samu na sayarwa ba, don haka na ɗauki dokin wani jarumin Turai na kankare masa ƙarfen jikinsa, na kwaɓa Milliput, wani irin ƙulli ne kala biyu da in an haɗa yake sandarewa cikin 'yan sa'o'i, na lulluɓe dokin tun daga wuya har gwiwa. Lifidi bargo ne mai kauri da ake cusa wa audugar rimi a ɗinke gida-gida, don kibiya ta maƙale ba ta kai ga nama ba. Abokin gabansa wuta, shi ya sa ake harbinsa da kibiya mai wuta. Kowane gida na ɗinkin nan da tsinin allura na zana shi, tun ƙullin bai bushe ba. Da na zo fenti, ja da ruwan ɗorawa da baƙi, dala-dala, sai na ga hannuna da ke ɗaga abin da bai kai ƙwayar gero ba a cikin waya yana rawa. An ɗauke wuta, fitila mai caji na dusashewa, yatsu sun ƙage don sanyi, uwargida na cewa daga ɗaki, "Malam, wai dokin nan shi zai kai yara makaranta gobe?"

Rawani kaɗai ya ci min dare uku. Ɗan Kura nake so, mai sheƙin nan da masu bugu ke fitarwa bayan an rina shi da shuni. Shuɗi ya ƙi, baƙi ya ƙi. Sai da na sa baƙi-shuɗi, na ja siririn layin shunayya mai ɗan ja a kan kowane naɗi, na shafa mai ƙyalli a wurin kaɗai. Shekara nawa ina ganin rawanin nan a hawan sallah, ban taɓa lura cewa sheƙinsa ja yake yi ba sai da na rasa yadda zan kwaikwaye shi.

Ana cikin haka Kawu ya zo daga Kano, ya sauka a wurina. Na san za a yi ta, kuma an yi. Ya dubi teburin ya ce, "Ɗana, gumaka ka tara a gidan da ake salla?" Na ce Allah ya ƙara maka lafiya Kawu, wasa ne. Na kawo masa hadisin Nana A'isha da 'yar tsanarta da dokinta mai fukafukai, wanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gani ya yi dariya. Ya ce, "Ita yarinya ce a lokacin. Kai gemunka ya fara furfura." Ban da amsa, kuma ba zan yi ƙarya in ce maganar ba ta taɓa ni ba. Tun daga ranar ba na barin su a fili, akwati suke kwana a rufe, sai za a yi aiki ko wasa.

Amma Kawu ya yi hawa a tawagar wani hakimi da ƙuruciyarsa, ido kuma ba ya mantuwa. Yana cikin faɗan ya ɗauki dokin, ya karɓi madubina ya kara. Ya daɗe.

"Wannan likkafar Bature ce," ya ce. "Zobe. Tamu faffaɗa ce, ƙafa gaba ɗaya take zama a ciki, gefenta da kaifi, da ita ma ake zungurar doki. Sirdin kuma ina gabansa, ina bayansa? Mutum da nauyin lifidi a kan wannan shimfiɗaɗɗen abu, karo ɗaya zai sha ƙasa, in ya faɗi kuwa ba ya tashi sai an ɗaga shi." Ya tambayi launin dokin. Na ce ruwan ƙasa. Ya yi tsaki, ya ce doki ba ya ruwan ƙasa. Ya shiga jero min su yana lanƙwasa yatsu: kili, akawali, gunya, hurde, danda. Ya ce kwalkwalin ma a sa masa gashin jimina.

Na ɓamɓare mahayin da na riga na gama. Na yanka likkafa daga gwangwanin lemo, na gina wa sirdi gaba da baya, na mai da ƙafafun dokin na akawali da farin safa ɗaya. Gashin jimina da zaren auduga na yi shi, na taje da allura. Mako uku cif a kan maki 10. A makonnin nan Injiniya ya gama Faransawa talatin da bindigar igwa.

Sauran dawakin uku sun zo da sauƙi tunda hannu ya gane hanya. A makon ƙarshe, don in rage kunya, na ɗauko wani macijin roba da Injiniya ya ba ni cikin kayan dodanninsa, na naɗe shi a bakin rijiyar da na gina da tsakuwar kogin Dilimi, na ce Sarki ne, macijin Kusugu na Daura. 'Yata ce ta zaɓi launinsa, baƙi da cikin ruwan ɗorawa, ta kuma kafe sai an yi Daurama, don ita ba ta ga dalilin da za a yi maciji ba mai garin ba. Na ce sai baɗi. 'Yan baka 25, dawaki 4, maciji 1. Lissafin ke nan, 185.

Kafin Kawu ya koma na nuna masa gyaran. Ya kara madubi, ya juya dokin hagu da dama, ya taɓa likkafar da farce.

"To, yanzu ya hau," ya ce. Ya miƙo min. "Mai da shi akwati ka rufe, an kusa kiran magariba."