Ranar da ɗalibaina suka kasa faɗin inda suke kwana

Mutum tara ne a ajina na koyon Japananci na daren Asabar a wata cibiyar unguwa a birnin Kobe na Japan, yawancinsu ma'aikatan masana'antu daga Vietnam da Indonesiya da Nepal, kuma babu wanda ya gama haddace hiragana, haruffan da ake fara koya a rubutun Japananci. Ni ma baƙo ne, na dai riga su zuwa. Da 1 ga Satumba ta ƙarato, ranar da Japan ke atisayen tunkarar bala'i don tunawa da girgizar ƙasar Kanto ta 1923, sai na ajiye littafi na ce kowa ya haɗo jakar ko-ta-kwana.

Jakar ce ta koya mana ƙirge. Ana so mutum ya tanadi mizu, wato ruwa, lita 3 a rana, na kwana 3. Da muka jera gorunan a tebur muna ƙirgawa, ippon, nihon, sanbon, wato ɗaya, biyu, uku a ƙirgen dogayen abubuwa irin gora, nan take suka zauna musu a baki, abin da na yi makonni ina fama da shi a allo.

Inda na yi kuskure shi ne da na fara da kalmomin sanarwar hukuma, irin su hinan, wato guje wa haɗari zuwa mafaka. Sai kallona suke yi. Abin kunya kuwa, a garin nan da kewayensa ne girgizar 17 ga Janairun 1995 ta hallaka mutum fiye da 6,000, baƙi da yawa suka kasa gane sanarwa, daga nan aka fara batun yasashii nihongo, Japananci mai sauƙi. Na koma kansa. Nigete kudasai, ku gudu. Takai tokoro, wuri mai tudu. Tasukete, a taimake ni. Shi ke nan suka kama.

Sai wasan kiran 119, lambar kiran 'yan kwana-kwana da motar asibiti. Na riƙe waya a kunne, na zama jami'in da ke amsawa: "Kaji desu ka, kyūkyū desu ka?" Gobara ce ko maras lafiya? Duk suka amsa daidai, har da murmushi. Da na ce su faɗi adireshi, ɗakin ya yi tsit. Wani ya shiga lalube a wayarsa, wani ya ce gidansa na bayan kanti. Wanda ya fi wata takwas a ƙasar ma bai iya furta sunan unguwarsa ba, kanji ne, wato haruffan da aka aro daga Sinanci, da bai taɓa jin an karanta ba. Makonni biyu muka ci a kan wannan kaɗai, daga gari zuwa gunduma zuwa lambar chōme, wato sashen unguwa, kowa ya rubuta nasa da hiragana a ƙaramin kati ya soka a jaka.

Jimla ta ƙarshe ba ni na kawo ta ba. Wata 'yar Indonesiya ce ta ji cewa a hinanjo, wurin fakewa, miyar da aka fi rabawa tonjiru ce, mai naman alade. Ta ɗaga hannu ta ce, "Sensei, yaya zan ce ba na ci, ba tare da na ɓata musu rai ba?" Na rubuta a allo: Sumimasen, butaniku wa taberaremasen, wato a yi haƙuri, ba zan iya cin naman alade ba. Ni ma na kwafe a bayan katina.