Sunan da ke jikin makarantar ɗana

Na yi wata uku a birnin Winnipeg na Kanada ban iya furta sunan makarantar ɗana ba: Andrew Mynarski. In an tambaye ni a waya daga Zariya, sai in ce "wata ce nan kusa da mu", in kawo wani zancen. Lokacin ta kaina nake yi. Ga aikin dare a wani sito, ga jiran bas cikin sanyin da ke shiga har ɓargo, ga kuɗin haya da ba ya jiran kowa.

Farkon Nuwamba yaron ya dawo da wani jan fure maƙale a ƙirjin rigarsa. Uwargida ta kalle ni, na kalle ta, don mun ɗauka wata alamar addini ce. Ya ce, "Baba, na tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙi ne, ranar 11 ga wata. Mai sunan makarantarmu ma yana cikinsu." A kan tabarmar cin abinci ya ba mu labarin, ya mai da ludayi jirgi, tuwonsa na hucewa.

Daren 12 ga Yunin 1944 ne, lokacin yaƙin Hitila. Jirgin ruwan bama-bamai ƙirar Lancaster na runduna ta 419 ta sojan saman Kanada ya tashi daga Ingila da mutum bakwai, zai kai hari kan tashar jirgin ƙasa ta Cambrai a Faransa. Wani jirgin Jamus ya harbe shi, wuta ta kama, matuƙi ya ce kowa ya yi tsalle da lema. Mynarski har ya kai bakin ƙofa sai ya hango abokinsa Pat Brophy, mai bindigar can wutsiyar jirgi, ya maƙale a ɗan akurkinsa, ƙofa ta ƙi buɗuwa. Ya juya ya rarrafa cikin man da ke ci da wuta, ya yi ta saran ƙofar da gatari, ya koma ja da hannu. Ta ƙi. Tufafinsa da lemarsa suka kama. Brophy ya yi ta yi masa hannu ya tafi. Ya koma bakin ƙofa, ya miƙe tsaye wuta na cin sa, ya sara wa abokinsa, sannan ya faɗa.

Mutanen ƙauye sun tsince shi da sauran numfashi, amma ƙunar ta yi ajalinsa yana da shekara 27. Shi kuwa Brophy, da ya riga ya sallama, jirgin ya faɗi da shi ya fito da ransa. Mai rabon ganin baɗi! Shi ya ba da shaida, har aka ba Mynarski lambar jarumta ta Victoria Cross a 1946.

Ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Ashe iyayen Mynarski baƙi ne irina, daga Folan suka zo wannan gari. Uban ya rasu yaron na da shekara 16, ya shiga aikin yankan fata don ya tallafi gida. Baduku dai, in da a wajenmu ne. Yau ga sunansa a makaranta, ga shi a kan wata mazaɓar kansila, suna mai karya harshe kamar yadda nawa ke karya nasu a wurin aiki.

Ranar 11 ga Nuwamba na sa 'yan canji a akwatin tsofaffin sojoji, na maƙala furen a kan jibgegiyar rigar sanyina, muka je dandalin Vimy Ridge inda mutum-mutumin Mynarski yake. A hanyar dawowa na ce wa yaron mu ma muna da namu: ƙanen kakana ya tafi Boma a wancan yaƙin, bai dawo ba.

"Baba, yaya sunansa?"

Na yi shiru. A gidanmu "wanda ya tafi Boma" kawai ake cewa, ba hoto, ba kabari. Tazararmu da gida awa bakwai ce, na lissafa an yi isha'i a Zariya, na kira gwaggona. Ta daɗe ba ta ce komai ba kafin ta faɗi sunan. Sannan ta ce, "Wa ke cigiyarsa yanzu?"