Inda Na Kai da Fatsar Ƙuda a Gaɓar Texas

Salamu alaikum 'yan uwa masu koyon fatsar ƙuda, wato kamun kifi da ƙudan ƙarya, ƙugiyar da aka yi wa ado ta yi kama da abincin kifi. Tun shigowar kaka na rage gwajin jifa a kan ciyawa, na koma bin jagora cikin ruwa a gaɓar Texas ta Amurka, a gefen garuruwan Rockport da Port O'Connor, ina neman kifayen nan biyu, redfish da black drum, ja da baƙi. Ga abin da ya zauna a hannuna, ga kuma wanda da saura.

Mu masu koyo burinmu zare ya miƙe ƙafa 70 ko 80. To a ruwan da bai kai gwiwa ba, wani wurin ma iyakarsa idon sawu, kifi yakan bayyana ne a ƙafa 30 zuwa 40, wani lokacin dab da jirgi. Abin da ake so shi ne ƙuda ya sauka inda ya dace cikin 'yan daƙiƙu, da lilo ɗaya ko biyu a iska. Kowane lilo ka ƙara, ko dai kifin ya gusa, ko inuwar zare ta gifta kansa ya zabura ya bar maka gurɓataccen ruwa. Shi ya sa na sauya salon gwajina a gida. Ina riƙe ƙudan a hannun hagu, zare kaɗan a waje, sauran a zube a ƙasa, in jera farantai a wurare daban-daban, wani ya kira mini ɗaya ba zato in jefa. Wannan ya fi yi mini amfani a kan duk wani ƙoƙarin ƙara nisa.

Jagora yana tsaye a kan dandamali a bayan jirgi, saman injin, yana tura mu da doguwar sanda ba ƙara ko kaɗan. Daga can yana hango abin da ni ba na gani. Da agogo yake ba da kwatance: hancin jirgi ƙarfe 12, hagu ƙarfe 9, dama ƙarfe 3. Sai ka ji ya ce ƙasa-ƙasa, “Ƙarfe 11, ƙafa 40, yana yin hagu.” Ka nuna wurin da bakin sandar fatsa, ya ce ɗan ƙara dama, yawwa, jefa. Yanzu ina iya jefa wa kifin da ban gani ba bisa maganarsa kawai, kuma a ganina kuɗin jagora a nan yake fita. Ku gaya masa gaskiyar iyawarku tun a bakin ruwa, zai san yadda zai juya jirgin don iska ta taimake ku.

Ido ma sai an koya masa. Da wuya ka ga kifi sukutum. Abin da za ka gani ɗan jan tagulla ne a kan yashi, ko 'yar igiyar ruwa mai kan kibiya tana tafiya ita kaɗai, ko jatan lande na tsalle a bakin ciyawa. Tabarau mai kashe ƙyallin ruwa dole ne, kuma daga hantsi zuwa bayan azahar, rana a bayanka, nan gani ya fi kyau.

Jan yana da sauƙin hali in ba ka firgita shi ba. Wanda ya fi tsaya mini a rai na same shi ya kafa kai a laka yana tonon ƙaguwa, wutsiya a waje tana kaɗawa a hankali, ga baƙin ɗigon nan a gindinta, gefenta da ɗan shuɗi-shuɗi. Na ajiye ƙuda kamar ƙafa biyu a gabansa, na jira ya ɗago, na ja zare gajere sau biyu. Ya juyo, ya buɗe kunnuwa, ƙudan ya ɓace. A wannan lokacin ba a ɗaga sanda. Bakinta na kallon ruwa, hannun hagu ne zai ja zare da ƙarfi ƙugiya ta shige, sannan a ɗaga. In bai kama ba ƙudan yana nan kusa da shi, sau da yawa yakan sake kawo bara. Alhamdu lillahi wannan ya fara zama mini jiki.

Baƙin kuwa shi ne malamina na wannan kakar. Ba ya bin abinci da gudu. Yana da 'yan gemu a ƙasan haɓa, da su da ƙamshi yake laluben abin ci, kuma can cikin maƙogwaro yana da haƙoran da ke farfasa kawa da ƙaguwa. Yana kiwo ne a natse kamar tsohuwa mai tsintar tsakuwa a shinkafa. In ka jefa masa irin jifan ja, ƙafa biyu a gaba, zai wuce bai ma san an yi ba. Sai ƙuda mai siffar ƙaguwa, mai duhun launi, mai nauyin da zai nitse nan take, ya sauka a kan hancinsa. Daga nan ka bar shi a ƙasa. In za ka motsa shi, inci ɗaya, a hankali. Cin ma ba ka cika jin sa a hannu ba, kifin za ka zuba wa ido: in ya sunkuya a kan wurin ya tsaya, ja zare. Kifi ɗaya kan sa ka yi jifa bayan jifa, shi ko a jikinsa, kuma wannan rashin tsoron nasa alheri ne ga mai koyo, don yana ba ka damar gyara hannu a kan kifi mai rai. Akwai masu raina shi, wai ba shi da kyan gani kuma ba ya gudu irin na ja. Ni ban yarda ba. Wanda ya iya ciyar da baƙi, ja ba zai gagare shi ba. In ka ɗago shi don cire ƙugiya za ka ji yana gurnani daga ciki, tsokoki ne ke bugun jakar iskarsa. Ƙananan suna da baƙaƙen ratsi a jiki kuma suna da daɗin ci, manyan naman ya yi tauri, a sake su.

Kayan aikina ba su canza ba: sanda lamba 8 (lambar nauyin zaren da take jefawa ke nan), zare mai yawo a saman ruwa, siririn zaren gaba ƙafa 9 zuwa 10. Ina tsayawa da safa kawai don in ji in na taka zare. Ina dawowa nake wanke komai da ruwan famfo, gishiri ba ya ɗaga wa ƙarfe ƙafa.

Ku san doka kafin ku shiga ruwa. A Texas, bayan lasisin su na ruwan gishiri, ja 3 ake ɗauka a rana, daga inci 20 zuwa 28, baƙi kuma 5, daga inci 14 zuwa 30. Akwai dalili. Taru ya kusa ƙarar da ja a gaɓar nan, har Texas ta hana kama shi don sayarwa a 1981. A shekarun 1980 kuma girkin jan kifin da mai dafa abinci Paul Prudhomme ya yi suna da shi a New Orleans ya sa kasuwa ta afka wa manyan da ke hayayyafa a teku. Jihar Louisiana ma a 2024 ta rage adadin ja da ake ɗauka zuwa 4 a rana. Tun 2013 laifi ne a Texas farfelar jirgi ta tumɓuke ciyawar ƙarƙashin ruwa, wadda a cikinta ƙaguwa da jatan lande suke girma. Jagoran da ya kashe inji tun daga nesa ya ɗauki sanda, shi nake komawa wa.

Abin da ya rage mini iska ce. In tana bugun kafaɗata ta dama, ƙuda kan dawo kaina, kuma jan zare sau biyu cikin lilo ɗaya bai gama daidaita da saurin hannuna ba. Da sanyin hunturu ina da niyyar zuwa fadamun Hopedale a Louisiana, inda manyan ja ke shigowa ruwa mara zurfi, can kuwa sanda lamba 9 ko 10 ake riƙewa, ƙudan ma ya fi girma. Kafin nan, duk yammacin da iska ta taso zan fita ciyawa in juya wa farantan baya, in riƙa sakin zare a lilon baya har sai yana sauka a miƙe.