Ta haddace babin haila, amma ba ta gane jinin ba

Shekarata 14 ina koyarwa a wata firamaren gwamnati a gefen birnin Kano, bakwai daga ciki a aji shida. Wata Laraba cikin hunturu, bayan an dawo daga tara, na lura yarinya ɗaya ba ta shigo ba, ga jakarta kuwa a kan benci. Ƙawarta ta sunkuyar da kai ta ce, "Malama, tana bayan banɗaki, ta ce kada in faɗa."

Na bar wa monita ajin na fita. Na same ta tsugune a jikin katanga, ta tattare hijabinta ta cusa tsakanin cinyoyinta, jikinta sai ɓari yake. Shekarunta 12. Ina dafa kafaɗarta ta ce, "Malama wallahi ban yi komai ba, don Allah kada ki gaya wa Umma." Wandon makarantarta duk ya ɓaci. A zatonta wani abu ne ya fashe a cikinta, ko kuma za a ce ta jawo abin kunya, don ta taɓa jin manya na cewa duk wadda ta bari namiji ya taɓa ta za ta ga jini.

Na aika aka ɗauko min jakata, na ba ta audugar mata na nuna mata yadda ake sawa, na ari zani a wurin baba mai sayar da awara a bakin get. Da hankalinta ya ɗan kwanta na tambaye ta ko ta san haila. Ta ce ta sani, ai sun yi a Ahalari. Nan take ta zayyano min: mata kashi uku ne, mai farawa, da wadda ta saba, da mai ciki, kuma iyakar mai farawa kwana 15. Ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Amma babu wanda ya taɓa zaunar da ita ya ce mata wannan abin da take rerawa a Islamiyya jini ne ja, ga inda yake fitowa, yana zuwa da ciwon mara, kuma ita ma yana nan tafe gare ta. Wannan ya daɗe yana ci min rai.

Na raka ta gida da kaina. Mahaifiyarta ta karɓe ni hannu bibbiyu, ta shimfiɗa min tabarma, da na yi mata bayani sai ta rufe fuska da mayafi. Ta ce, "Malama, 'yar fari ce, ko sunanta ba na iya faɗa. Ta ina zan fara?" Ban ga laifinta ba. Mu da muka tashi a babban gida, kaka ko goggo ce ke jan yarinya ɗaki ta koya mata ɗaura ƙunzugu da wankan tsarki. Su kuwa ɗaki biyu suke haya, kakar tana can ƙauye sai da sallah ake ganinta. Kunyar tana nan daram, mai sauke nauyin ce babu.

A takarda dai an tanadi wannan darasi. Tun 2003 aka amince da manhajar ilimin zaman iyali da cutar ƙanjamau, wadda hukumar tsara manhaja ta NERDC ta shirya, bayan an sauya mata suna an kuma rage wasu sassa saboda ƙorafin iyaye da malaman addini. A watan Nuwamba na 2022 kuma ministan ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya umarci hukumar ta cire ilimin jima'i daga manhaja, yana ganin wannan hurumin iyaye ne da malaman addini. Ni uwa ce, na fahimci tsoron. Akwai abubuwan da ba zan yarda a karanta wa 'yata ba, ko wane ne ya buga littafin. Sai dai a ɗakin malamai maganar ta koma wani abu dabam. Da yawanmu muka shiga tsallake shafin balaga gaba ɗaya a darasin kiwon lafiya, kowa na gudun a ce shi ne ya lalata 'ya'yan mutane.

Su ma mazan ba su tsira ba. Wata shekara ma'aikatan lafiya suka zo raba maganin tsargiya, suna auna tsayin kowane yaro da sanda kafin su ƙirga masa ƙwaya. Wani yaro ɗan aji biyar ya kafe ba zai sha ba. Da na ja shi gefe, sai ya ce min cikin alfahari yayansa ya gaya masa fitsarin jini alama ce ta ya zama namiji, in ya sha magani zai koma yaro. Wata shida yana ganin jini a ƙarshen fitsarinsa yana murna. Na zana musu a allo: tsutsar tana rayuwa a jikin dodon koɗi a kududdufi, tana ratsa fatar mai wanka, ta girma a jijiyoyin jini, ƙwayayenta su riƙa yi wa mafitsara rauni, in mai cutar ya yi fitsari a ruwan kuma ta sake komawa. Da na tambayi wa ke wanka a kududdufin bayan makaranta, kusan duk mazan suka ɗaga hannu.

Bayan abin da ya faru da yarinyar nan na sami hedimasta, na ce ni dai ba zan ƙara tsallake shafi ba. Ya ce a fara kai maganar gaban taron iyaye, kuma ya yi daidai. Taron ya yi zafi. Wani dattijo ya miƙe ya ce, "Malama, buɗe musu ido za ku yi." Na ce, "Baba, wayar yayyensu ta riga mu buɗewa. Ni so nake su ji daga bakin mai tsoron Allah a kansu." Limamin unguwa ne ya raba gardamar. Ya kawo maganar Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, inda ta yaba wa matan Ansar cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini. Ya ƙara da umarnin raba wa yara makwanci in sun kai shekara goma, ya ce wanda aka ce a raba wa shimfiɗa ai ya isa a yi masa bayani. Aka amince bisa sharaɗi biyu: mata da mace, maza da namiji, kuma duk uwar da ta so ta zo ta zauna ta ji.

Yanzu kowace Alhamis, rabin awar ƙarshe, ina zama da 'yan mata na aji biyar da shida, malamin addini kuma yana ɗaukar maza a gindin darbejiya. Muna maganar ƙirga kwanaki, da wanke ƙunzugu da sabulu a shanya shi a rana maimakon a tura ƙarƙashin katifa da danshinsa, da warin hammata, da yadda ake faɗa da ƙawa a shirya ba tare da an tona asirinta ba. A ƙarshen 2023 da aka fara rigakafin sankarar bakin mahaifa ga 'yan shekara 9 zuwa 14, jita-jita ta cika unguwa, iyaye matan da suka saba zuwa zaman Alhamis su suka fara sallama suna tambayata kafin su yanke shawara. Har yanzu banɗakin mata babu ƙofa, famfon kuma ya fi wata uku a lalace, don haka wasu kan yi zamansu a gida in kwanakinsu suka zo. Wannan ina ta bin sa.

Darasin da ya fi min nauyi shi ne na taɓa jiki. Nakan ce musu duk wurin da wando da riga suka rufe naki ne, kuma duk babban da ya ba ki naira hamsin ko alawa ya ce kada ki gaya wa kowa, to ranar za ki faɗa. Mun tarbiyyantar da su a kan kada su yi wa babba musu, shi ya sa sai na maimaita sau da yawa kafin su yarda akwai inda cewa a'a ba rashin kunya ba ne.

Na ajiye gwangwanin madara a bayan aji, na huda murfin, mai tambaya ta rubuta ta jefa ba suna. Yawanci tambayoyin wanka ne da azumi da ƙurajen fuska. Yau da na zazzage shi a gida bayan la'asar, na tsinci wata 'yar takarda da aka yago daga littafin lissafi, an ninke ta sau huɗu: "Malama in mutumin ɗan gidanmu ne fa, wa zan gaya wa?"

Na gane rubutun. Na riga na kira hedimasta na roƙe shi ya bar min ofishinsa gobe da safe. Zan aike ta ta ɗauko min alli, in bi bayanta in rufe ƙofa.