Shafen ƙarshe a kan koton katako: abin da ke ɓata shi

Ƙannena masu sassaƙa ɗan kifin katako don yin fatsa, yawancin matsalar da ke fitowa a shafen ƙarshe, wato ruwan nan garai-garai mai ƙyalli da ke kare fenti, tun kafin a buɗe kwalbar ake shuka ta. Abin da zan faɗa nan daga koton da suka lalace a hannuna na koye shi.

Katako yana shan ruwa, kuma cike yake da ƴan ramukan iska. Idan ka yi fenti a kansa kai tsaye, abu biyu ne za su same ka. Na farko, da zarar ɗakin ya ɗan yi zafi, iskar cikin katakon za ta buɗe ta fito ta cikin shafen tun yana ɗanye, ka wayi gari ka tarar da ƙuraje. Na biyu, ranar da haƙorin kifi ko tsinin ƙugiya ya huda shafen, ruwa zai shiga, katakon ya kumbura, fentin ya ɗago. Don haka a fara toshe katakon da siririn shafi na ifoksi, wato danƙon da ake haɗawa da sinadarin da ke taurara shi, a bar shi ya bushe, a goge da sanfefa mai lamba 400, sannan fenti. Katako mai laushi irin balsa ya fi kowanne buƙatar wannan. Tun wajen sassaƙa kuma ka kashe duk wani kaifi, domin ifoksi yana janyewa daga gefe mai kaifi ya bar wurin kusan tsirara, kuma daga nan ɓarewa take farawa.

Fenti mai ruwa a ba shi awa 24, ko a bi kowane shafi da na'urar busar da gashi. Bushewar sama ba bushewa ba ce. Danshin da ya rage a ƙasa shi ne hazon da za ka gani daga baya.

Daga lokacin da fenti ya bushe, kada yatsanka ya sake taɓa jikin koton. Riƙe shi da filaya ta zoben ƙugiya, ka sa safar hannu ta roba. Maiƙon hannu, man shafawa, ko feshin da ke da silikon, kowannensu yana sa ifoksi ya tsere daga wurin ya bar ɗan rami zagayayye, tsakiyarsa babu komai. Wani wurin da silikon ke ɓuya shi ne sirinjin allura mai baƙar roba a ciki, saboda ana shafa wa robar don ta yi santsi. Nemi sirinji marar robar, guda biyu, ɗaya na danƙon, ɗaya na sinadarin da ke taurara shi, kada su taɓa musanya.

Ifoksin minti 5, wato mai kamawa cikin minti 5, ba na wannan aiki ba ne. Yana kamawa kafin ya baje, yana yin rawaya da wuri, kuma bai jure ruwa sosai. Na minti 30 ko wanda ya fi shi jinkiri ake nema. Yawancin waɗanda ake shafe da su ana haɗa su ɗaya da ɗaya ne a ma'aunin ruwa, amma karanta jikin kwalbarka, domin awon nauyi da awon ruwa ba sa zuwa daidai. Ƙara sinadarin taurarawa ba ya sa shi saurin bushewa. Kowane ɓangare yana neman abokinsa ne daidai wa daida, rarar da ta rage kuwa ita ce za ta bar koton yana danƙo har abada. Idan hakan ta faru, sau da yawa sabon shafi da aka auna daidai yana rufe shi.

Ka juya a hankali na minti 2 zuwa 3, kana kankare gefe da gindin mazubin, domin can ne wanda bai gauraya ba yake maƙalewa. Kada ka kaɗa shi kamar ƙwai, iska kake cusa masa. Bayan nan juye shi a kan takardar alminiyam ya baje. A cikin mazubi mai zurfi yana ɗaukar zafi da kansa ya kama da wuri, a baje kuwa kumfar tana fita, lokacin aikinka ya ƙaru. Kada ka haɗa fiye da abin da zai ishi koto biyu ko uku.

Buroshi mai laushi, ka fizge gashin da ke shirin zubewa tukuna. Fara da wurare masu wuya: kewayen idanu, gindin zoben ƙugiya, da inda leɓen koton, wato ɗan faifan gaba da ke sa shi nutsewa, ya shiga katako. Leɓen kansa a rufe shi da salatif, a cire tun shafen bai kama ba. Sai ka bi jiki daga kai zuwa wutsiya, ka duba a ƙarƙashin fitila kana juyawa, wurin da buroshi ya tsallake zai nuna dishi-dishi. Ƴan kumfar da suka rage, hura musu numfashi ta siririn bututu, ko ka gilma iska mai ɗumi daga nesa sau ɗaya. Idan zafi ya yi yawa, sai shafen ya tsinke ya gangara.

Ifoksi mai jinkiri ba a rataye shi. Zai taru a wutsiya ya daskare a can, kan koton ya rage da ɗan kaɗan. Ana ɗaure shi a kan ƙaramin inji mai juyi 4 zuwa 6 a minti, ya yi ta juyawa har shafen ya daina motsi, abin da kan ɗauki awanni. Wanda ba shi da inji ya tsaya ga na minti 30, ya riƙa juya shi da hannu har ya kama. Zafin ɗakin ya kasance tsakanin digiri 21 da 27 a ma'aunin Salshiyas. Sanyi yana sa shi kauri ya riƙe kumfa, laima mai yawa kuma tana bar masa wani maiƙo-maiƙo a sama. Kifa kwali a kai saboda ƙura. Don sanin ko ya bushe, taɓa ragowar da ke kan alminiyam, ba koton ba.

Shafi na biyu a yi shi cikin awa 24. Idan ya wuce haka, a goge da sanfefa ƙyallin ya dushe, in ba haka ba sabon ba zai kama tsohon ba. Sai dai kowane shafi nauyi ne. A ƙaramin koto, shafi biyu masu kauri suna iya mai da mai iyo ya koma mai nutsewa, ko su kashe kaɗawar wutsiyarsa. Ni a ganina shafi ɗaya mai kyau ya ishi ƙarami, babba mai fuskantar kifi mai haƙora shi ke buƙatar biyu ko uku.

Akwai kuma ruwan shafi da ake tsoma koton a ciki, wanda danshin iska ke taurarawa. Ya fi siriri da ƙarfi, amma sinadarin cikinsa kan yamutsa wasu fenti, kuma yana daskarewa a gwangwani idan ana yawan buɗe shi. Gwada shi a kan guntun katako mai irin fentinka kafin koton. Wanda fitila mai haske shuɗi ke busarwa kuwa cikin mintuna yake kamawa, sai dai duk inda hasken bai kai ba ɗanye zai zauna.

Bayan awa 72, kankare zoben ƙugiya da tsinin wuƙa, ka sa ƙugiyoyin, ka jefa shi cikin bokitin ruwa ka ga yadda yake zama.