Tsohon laifi da fom ɗin bizar aure ta Birtaniya

A watan jiya ɗan yayana ya zo gidana da kwamfutarsa domin in taya shi duba fom ɗin neman bizar aure, wadda za ta ba shi damar komawa wurin matarsa da ke zaune a Birtaniya. Duk takardunsa sun kammala: shaidar ɗaurin aure, sakamakon gwajin tarin fuka, da hujjar cewa albashin matar ya kai fam 29,000 a shekara, adadin da aka ɗaga zuwa gare shi a watan Afrilu na 2024 daga fam 18,600. Wuri ɗaya ne ya tsaya yana jinkiri, wato tambayar ko an taɓa hukunta shi a kan wani laifi a kowace ƙasa.

Lokacin da yake karatu a Ingila an taɓa tsayar da shi yana tuƙa motar abokinsa ba tare da inshora ba, aka ci shi tarar fam 300, aka kuma zuba masa maki 6 na laifi a lasisinsa. Ya ce mini, "Baba, abin ya daɗe, tarar ma na biya tun a lokacin, kuma ko kotu ba a kai ni ba. Mene ne amfanin tono shi?" Na ce masa ya rubuta, kuma ya rubuta shi yadda ya faru.

Tambayar ba ta tsaya ga ɗauri kaɗai ba. Ta haɗa da laifukan tuƙi, da gargaɗin da 'yan sanda ke bayarwa a rubuce, da hukuncin kotu a kan bashi. Mutane da yawa suna dogara da wata dokar Birtaniya ta 1974, wadda ta ce bayan wani wa'adi ana ɗaukar tsohon laifi tamkar an shafe shi, amma tun watan Oktoba na 2012 aka fitar da shige da fice daga ƙarƙashin wannan rangwame. Sannan ranar da mutum ya je cibiyar biza a Abuja ko Legas ya ba da hoton yatsunsa, ana gwama bayanansa da kundin 'yan sandan Birtaniya.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda mutane ke sayen babbar matsala domin gudun ƙarama. Ƙa'idojin hana biza saboda laifi sun fi rataya a kan hukuncin ɗauri, musamman na wata 12 ko fiye, kuma tara guda ɗaya ta tuƙi da wuya ta raba miji da matarsa. Ɓoyewa kuwa dalili ne na ƙin biza mai zaman kansa, kuma idan jami'i ya ɗauke ta a matsayin yaudara, tana iya jawo hanin shiga ƙasar har na shekara 10. Ko da ta wuce a karon farko ba ta mutu ba, domin bizar ta wata 33 ce, daga nan a sabunta, bayan shekara 5 a nemi izinin zama na dindindin, kuma kowane mataki yana maimaita tambayar. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1981 ma ta ba hukuma ikon ƙwace ɗan-ƙasancin da aka samu ta hanyar ɓoye gaskiya.

Da muka ci gaba da magana sai na gane ba jami'in biza yake tsoro ba. Kunya ce: bai taɓa gaya wa matarsa ba, kuma ba ya so surukansa su ji an haɗa sunansa da 'yan sanda. Na fahimce shi sarai, domin mun tashi ne da son rufin asiri. Sai dai matar da ke ɗaukar nauyin wannan nema da albashinta da sunanta tana da haƙƙin sanin abin da ke cikin fom ɗin.

A daren nan ya kira ta ya faɗa mata. Washegari muka rubuta ranar da abin ya faru, da garin, da adadin tarar, muka haɗa da gajeriyar wasiƙar bayani wadda ba ta neman uzuri, sannan ya aika.